Fam Ashirin da Ɗaya

A shagon Dilip, can bayan titin Belgrave,
inda ƙamshin suya ke shigowa ta taga,
na ajiye raket ɗina a kan tebur
kamar wanda ya kai ɗa asibiti.
Ya murza tsirkiyar da babban yatsa,
ya buga ta a tafin hannu, ya kai kunne.
Ƙarar ta fito siririya, kamar an ƙyasta kofin gilashi.

"Fam ashirin da bakwai," in ji shi. "Da wa kake faɗa?"

Na ce haka nake ɗaurewa tun ina saurayi.
Ya dubi bandejin da ke gwiwar hannuna,
ya ɗauko almakashi.
Kowace tsirkiya ta yi tsalle, ta kwanta.
Ya saƙa sabuwa, ya tsaya a ashirin da ɗaya.

Daren Alhamis, a zauren wasa na Evington,
ruwa na ta dukan rufi,
na yi bugun farko, ban gane muryar raket ɗina ba.
Dā tana amsawa kamar kalangun da aka matse a hammata,
yau kuwa, tim,
kamar mangwaro ya faɗo cikin yashi.
Na waiga in ga ko wani ya ji.

Amma 'yar gashin ta tafi.
Ta zauna kan zaren na ƙiftawar ido,
zaren ya lotsa, ya karɓe ta kamar majanyi,
sannan ya cilla ta sama, kusa da fitilu,
har layin baya, inda Gareth ke ja da baya yana tuntuɓe.
Ban sa ƙarfi ba. Wallahi ban sa ba.
Ko da na same ta da gefe,
inda dā sai hannu ya yi tsami har kafaɗa,
sai zaren ya rufa mini asiri, ta haye.

A bakin raga aka karɓi kuɗin.
Ina so in ajiye ta dab da zare, kamar mai ajiye ƙwai,
sai ta zabura, ta ɗara da taki guda,
Mei Ling na tsaye kamar shaho,
ta maka mini ita a ƙafa.
Sau huɗu. Na ƙirga.
Saran nan nawa da ke sauka kamar gatari
yanzu da sallama yake isa.
Na auna kusurwa, ta faɗi waje da faɗin tafin hannu.
Ashe abin da ka sassauta wa
yakan samu nasa ra'ayin.

Ashirin da ɗaya da goma sha shida. Mun sha kashi.

A bas ɗin komawa gida
na lanƙwasa hannu, na miƙe, na sake lanƙwasawa.
Shiru.
Ciwon da ya saba zama kusa da ni
bai shigo motar ba.

Gilashin taga ya yi gumi, na ga Mudassir a ciki,
yana shekara goma sha uku,
riƙe da raket ɗin da na sa aka ɗaure masa tamau
wai don hannunsa ya saba.
Ta tsinke cikin sanyin Janairu, a tsakiyar wasa.
Na ce laifin bugunsa ne.
Ya sa ta a jaka, ya ja zif,
bai sake tambayar yaushe za a gyara ba.
Yanzu yana Glasgow.
Mukan gaisa ran Lahadi, minti biyar:
ruwan sama, kuɗin haya, ya mamanka.

Dilip ya ce in dawo bayan mako biyu
idan ina son ya ƙara mata fam ɗaya ko biyu.
Wata na uku ke nan.
Har yanzu Mei Ling na cin abincinta a bakin raga,
ni kuwa ina koyon sakin yatsu.
Jiya na hau kujera, na sauko da jakar yaron daga saman kabad.
Zif ɗin ya ci tsatsa.
Sai da na shafa masa man zaitun.